Takalmin gwanjo a kan jiƙaƙƙen dutse: wanne zai kai ka Assop ya dawo da kai?

Daga Yuli zuwa Satumba ne magangarun ruwan da ke kewaye da Jos ke cika suna tumbatsa, kuma a lokacin ne masu son fita yawon ƙafa ke tururuwa wurin 'yan gwanjon Katako da na gefen Taminus neman takalmin hawa dutse. Sabo fil na kanti ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu, don haka gwanjo ne rufin asiri. Kayan kuwa akwai masu kyau ƙwarai a ciki: Merrell, Salomon, Columbia, Keen, Lowa, Meindl, wani lokaci har a tsinci wanda mai shi bai taka sau goma ba. Sai dai a cikin dilar da ta fito da wannan, a ciki ne kuma ake samun wanda zai rabu gida biyu a tsakiyar rafi. A ido duka ɗaya suke, wani zubin ma mara lafiyar ya fi sheƙi.

Hukuncina tun daga farko shi ne, ga mai zuwa kallon ruwa, gajeren takalmi mara nauyi mai taushin roba ya fi dogon but ɗin fata da kowa ke rububi. Ga dalili.

Jos tana zaune a tudun da ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, ruwan da ya sauka a kansa kuwa dole ya nemi hanyar gangarawa ta gefe. Abin da ya haifar da magangarar ruwan Assop ke nan a gindin Hawan Kibo, cikin ƙaramar hukumar Riyom, tafiyar kilomita 60 da 'yan kai daga cikin gari a kan hanyar Akwanga. Shi ya haifar da Farin Ruwa a yankin Wamba ta jihar Nasarawa, mai zubowa daga tsayin kusan mita 150, da Kwall ta wajen Miango, da Kurra ta wajen Barkin Ladi inda kamfanin NESCO ya daɗe yana samar da lantarki. Mutanen Abuja kuma Gurara ce kusa da su, a jihar Neja. Duk inda ka nufa cikin waɗannan, ƙasa iri uku ƙafarka za ta taka: jar laka mai kama takalmi a hanyoyin gonaki, tsakuwa mai mirginawa a gangare, sannan falalen dutse a bakin ruwan. Na ukun nan shi ne alƙali. Dutsen Filato idan ya bushe kaushi gare shi kamar samfefa, ko da silifas sai ya riƙe ka. Amma inda feshin ruwa ke sauka dare da rana, gansakuka na yin shimfiɗa siririya a kansa, baƙa ko kore-kore, mai sulɓi kamar an goga sabulu. Duk takalmin da za a yaba ko a kushe, a wannan taku goma ko ashirin na ƙarshe ake gane shi.

A fara da babban but, tunda shi ne ke ɗaukar ido. Fata ce mai kauri, wuyansa ya rufe idon sawu, ƙasansa da manyan haƙora. Ƙafa biyun sukan haura kilo ɗaya, wasu har kilo ɗaya da rabi. An ƙera shi ne domin mai goye da jaka mai nauyi a duwatsun Turai masu sanyi, kuma a nan gida yana da ranarsa: hawan duwatsun Shere da rani, inda ƙololuwa ta kai mita 1,829, ko doguwar tafiya cikin ciyawa da ƙaya. Matsalarsa a gwanjo tana ɓoye ne a tsakanin fata da robar ƙasa.

Ƙasan takalmin hawa dutse hawa biyu ne. Akwai baƙar robar da ke taɓa ƙasa, akwai kuma soson da ke samanta mai shanye nauyin taku. Soson nan iri biyu ake yi. Ɗaya ana kiransa EVA, mara nauyi, irin na takalman gudu. Ɗayan PU, mai nauyi da ƙarko, wanda manyan but irin na Lowa da Meindl suka fi amfani da shi. Shi PU yana shan laimar iska a hankali, laimar kuma tana tsinka sinadarin da ya haɗa shi tun daga ciki. Bayan wasu shekaru, galibi tsakanin biyar zuwa goma daga ranar ƙira, sai ya fara marmashewa. Kamfanonin da kansu suna gargaɗi a kan haka. Abin da ya kamata mai sayen gwanjo ya riƙe shi ne ajiya ta fi amfani saurin kashe shi. Takalmin da ake takawa a kai a kai yana matse laimar ta fita. Wanda aka jefa a ɗakin ajiya shekara takwas, sannan aka cusa shi a dila, ya sha zafin kwantena a teku, ya zo ya kwanta a rumfa, shi ne mafi haɗari. Ka ga ke nan wanda haƙoransa ke nan cif kamar ba a taɓa sawa ba, wanda mai kaya zai ɗaga maka yana cewa «Malam, duba ƙasansa, ko taka shi ba a yi ba», shi ya fi cancantar tuhuma.

Yadda yake mutuwa ma iri ɗaya ne kullum. Awa ta farko lafiya lau. Da an tsallaka rafi ya jiƙe, sai bakin robar ya buɗe ta wajen yatsu yana faɗak-faɗak. Kafin a yi wani kilomita, robar ta cire gaba ɗaya, soson yana zuba kamar garin ƙuliƙuli, mutum ya koma tafiya a kan tsurar fata mai santsi. Sau da yawa ƙafa ta biyu ba ta jimawa take bin 'yar'uwarta, tunda rana ɗaya aka ƙera su.

Gane shi ba wuya idan ka ba shi minti biyar. Ka danna farcen babban yatsa da ƙarfi a gefen soson, ta wajen dunduniya. Lafiyayye zai lotsa ya dawo. Wanda ya fara lalacewa zai bar rami, ko ya tsage, ko ka ji yana danƙo a yatsa kamar tsohon cingam. Sannan ka kama takalmin da hannu biyu ka lanƙwasa shi inda yatsu ke lanƙwasawa, sau biyar ko shida, kana kallon gefen: idan ƙananan tsagu suna buɗe baki, ko wani gari yana zubowa, ajiye shi ko nawa aka sallama. Ka ɗaga harshen takalmin ka duba ƴar takardar ciki; kamfanoni da yawa suna buga wata da shekarar ƙira a wurin. Shi EVA tsufansa a fili yake, yana yin tamoji a gefe kamar fatar tsoho, yana kwantawa ya daina laushi, amma ba ya wargajewa rana tsaka. Tsohon EVA zai gajiyar da ƙafarka. Tsohon PU zai bar ka a daji.

Sai batun Gore-Tex, wanda 'yan gwanjo ke ƙara kuɗi saboda shi da sunan ba ya shan ruwa. Wani siririn mayafi ne da ake ɗinkawa a ciki kamar safa, yana hana ruwa shiga, yana barin tururin gumi ya fita. A kan raɓar safiya da yayyafi yana aiki. Amma zuwa magangarar ruwa da damina ba ya rabuwa da tsallaka rafi, kuma da zarar ruwa ya haura wuyan takalmin ya zuba ta sama, mayafin da ya hana shi shiga shi zai hana shi fita. Sai ka wuni da bokiti biyu a ƙafa, fata ta yi fari ta yi laushi, bororo ya biyo baya. Ga shi kuma a takalmin da aka riga aka yi amfani da shi, mayafin yakan riga ya tsage a inda yatsu ke lanƙwasawa, ta yadda ba za ka gani ba. Ban ga dalilin biyan ƙarin ko sisi a kansa ba ga mai wannan tafiya.

Wanda na fi yabawa shi ne gajeren takalmin daji, mai kama da kambas amma da haƙora a ƙasa, samansa raga-raga. Nauyinsa kusan rabin na but ne. Ruwa na shiga, ruwa na fita, kafin a gama cin guzuri ya sha iska. Tafinsa na lanƙwasawa ya bi siffar dutse, kuma ƙafa tana jin abin da ta taka, wanda ke sa mutum ya gane santsi kafin ya saki nauyinsa duka. Yawancinsu da EVA ake yinsu, don haka waccan fargabar ta ragu.

A nan ma sai an zaɓa, domin ba kowace baƙar roba ce ke kama jiƙaƙƙen dutse ba. Mutane sun ɗauka girman haƙora ne ke hana zamewa. Haƙora na laka ne da tsakuwa, suna nutsewa su riƙe. A kan falalen dutse babu inda za su nutse. Abin da ke riƙe ka shi ne taushin robar da faɗin wurin da ta taɓa. Roba mai taushi tana shiga ƙananan ramukan dutsen, mai tauri kuwa sai ta tsaya a sama tana sulɓewa. Akwai alamar Vibram, ƴar rawaya mai kusurwa takwas da ake mannawa a tsakiyar tafin. Kamfanin Italiya ne da Vitale Bramani ya kafa a 1937, bayan abokan hawansa sun rasu a kan dutse saboda rashin takalmin kirki. Alamar tana nuna inganci, amma robobinsu kala-kala ne, wasu don ƙarko aka yi su, ba don ruwa ba. Wanda aka rubuta wa Megagrip shi ne na jiƙaƙƙen wuri, idan ka ci karo da shi a girman ƙafarka kada ka yi wasa. Salomon suna da tasu robar mai suna Contagrip, Adidas Terrex kuma da yawansu suna ɗauke da robar Continental, masu yin tayar mota. Duka suna yin abin kirki muddin ba su tsufa ba, domin roba ma tana bushewa da shekaru ta yi ƙyalli ta yi tauri kamar ƙaho.

Gwajin da ya fi duka sauƙi, ledar ruwa ɗaya yake ci. Ka nemi sumul ɗin siminti ko tayil a kusa da rumfar, ka zuba ruwan, ka sa takalmin, ka ɗora nauyinka a ƙafa ɗaya ka murza gaba da gefe. Mai kyau zai cije har ka ji ƴar ƙara. Mara kyau zai tafi salin-alin. Mai kayan da ya yarda da kayansa ba zai hana ka ba. Ga haƙoran kuma, sababbi sukan kai zurfin milimita 4 zuwa 5. Ka kwantar da tsinken ashana a tsakaninsu. Idan tsinken ya yi daidai da su ko ya fi su tudu, takalmin ya sude, a jar laka zai mai da kai kamar mai tafiya a kan man ja. Ka fi mai da hankali ga dunduniya, don ita ce birki a gangare.

Sandal ɗin daji mai madauri uku, irin na Teva ko Keen, yana da kyau a cikin ruwan kansa, musamman na Keen mai rufin roba a kan yatsu, wanda ke kare tuntuɓe. A sa shi a jaka a matsayin na biyu. Laifinsa tsakuwa na shiga ƙarƙashin ƙafa, kuma madaurin maƙale-mata na gwanjo yakan gaji ya riƙa ɓallewa idan ya jiƙe. Silifas da takalmin roba irin na Crocs kuwa, su ne kan gaba wajen kayar da mutane: ƙafa na zamewa a cikinsu tun kafin su zame a kan dutse, ruwa mai ƙarfi kuma yana fizge su, mutum ya kai hannu zai kamo, shi ke nan. Takalmin ma'aikata mai ƙarfe a baki ba na wannan aiki ba ne, nauyi gare shi, ƙarfen na cin yatsu a gangare, kuma yawancinsa ƙasansa gaba ɗaya PU ne. Mai launin kakin soja ma a bar shi a rumfa, hanyoyin nan ba sa rabo da shingen bincike.

Girma. A je saye da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a tafi da safar da za a sa ranar tafiya. Bayan an ɗaure igiya, a samu sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin doguwar yatsa da bakin takalmin. Mai sa 42 a takalmin fita sau da yawa 43 ne zai yi masa. Dalili shi ne gangare: kowane taku ƙafa na zurmawa gaba, idan babu wuri farce ke dukan bango har ya tara jini ya yi baƙi, bayan makonni ya fita. Amma dunduniya kada ta riƙa ɗagawa, wannan ne ke kawo bororo. A gwada ƙafa biyun duka, a kuma haɗa lambobin da ke cikin harsunan, saboda a dila akan haɗa ƙafar wani da ta wani idan sun yi kama. Safar auduga tana riƙe ruwa. Ta ulu ko irin ta 'yan ƙwallo ta fi. A riƙe guda ta biyu a cikin leda, domin bayan alwalar azahar babu mai son mayar da ƙafa cikin jiƙaƙƙiyar safa. Ga 'yan'uwa mata, takalmin kirki ba zai yi amfani ba idan bakin doguwar riga yana shiga ƙarƙashinsa. Wando mai kauri a ciki da hijabin da bai wuce gwiwa ba sun fi aminci a kan dutse.

Game da su masu sayarwa, a gaskiya yawancinsu ba su san zancen PU ba, ba wai suna ɓoyewa ba ne. Fata da suna suke kallo su sa kuɗi. Wannan ma dama ce, domin gajeren takalmin da ya fi amfani sau da yawa ya fi but araha. Wanda ake samu ranar da aka fasa dila, tun bai sha wanki da shafe-shafe ba, ya fi nuna gaskiyarsa. Bayan ya kwana biyu a rumfa akan wanke shi, a shafa baƙin rini a gefe, a ɗiga gam mai kamawa nan take a inda ya buɗe. Ka bi layin da roba ta haɗu da sama da yatsa. Inda ka ji wani abu mai tauri kamar gilashi, ko ka ga farin busasshen tabo, an taɓa wurin. Irin wannan gam ɗin ba ya lanƙwasawa, taku kaɗan yake karyewa. Ka nuna wa mai kaya cikin mutunci, ka taya daidai da abin da ka gani. Idan ya ce albarka, rumfa ba ɗaya ba ce.

Kafin a fita da shi, a kai wa mai gyaran takalmi. Idan soson lafiyayye ne kuma baki kawai ya ɗan saki, gyaran da ke riƙewa shi ne a wanke wurin, a bar shi ya bushe sarai, a goge fuskokin biyu da samfefa, a shafa gam irin na Evo-Stik a kowane gefe, a jira minti 10 zuwa 15 har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa a bubbuga da guduma, a ɗaure da robar tayar keke ya kwana ya wuni. Gaggawar haɗawa tun gam na ɗanye ita ke sa aikin ya warware. Zagaye shi da ɗinki da basilla da zaren nailan ƙarin tsaro ne mai kyau, ko da yake yana huda mayafin hana ruwa idan akwai. Amma soson da ya fara marmashewa ba ya ɗinkuwa ba ya mannuwa, zare ba shi da abin kamawa, kuɗin gyaran asara ne. Bayan gyara a yi tafiyar gwaji ta awa biyu a cikin gari, a taka ruwa da gangan. Gara ya tona kansa a Farin Gada da ya tona a Farin Ruwa.

Akwai iyakar abin da takalmi zai iya, kuma ya kamata a faɗe ta ƙarara: babu robar da ke kama gansakuka. Dutsen da ya yi baƙi yana ƙyalli, ko ya yi kore, a kauce masa, a nemi inda ya yi fari-fari da kaushi. A taka da tafin ƙafa gaba ɗaya, gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannu biyu babu komai, waya tana cikin jaka har sai an tsaya cak. Kafin gangare a sake ɗaure igiya ta kama wuyan ƙafa. Sanda mai kaiwa ƙirji tana zama ƙafa ta uku a rafi. Idan ruwan ya fara sauya launi zuwa ja, yana ɗauko ganye da itace, an yi ruwa a saman tudu ko da rana ake ƙwallawa inda kake. A fita daga kwarin nan take. A kuma ɗauki ɗan gari ya yi jagora, a tambayi halin da hanya ke ciki kafin a bar Jos, musamman ta wajen Riyom da Barkin Ladi.

Takalmin gwanjo ƙafar wani ta zauna a ciki, don haka tun ranar farko a zare shimfiɗar ciki a wanke da ruwan Dettol, ko a sauya ta da sabuwa, saboda ƙaiƙayin tsakanin yatsu. Bayan kowace tafiya a wanke laka tun ba ta bushe ba, da buroshi da ruwa zalla, a cusa tsohuwar jarida a ciki ana sauyawa, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Sanyin Jos da marka kan sa mutane su kai takalmi bakin murhu ko su ɗora shi a kan kwano, zafin kuwa yana narkar da gam ya busar da roba. Kada a ƙulle shi a leda zuwa baɗi, zai yi hunhuna. A riƙa taka shi ko sau biyu a wata ne, har cikin hunturu.